Yatsa Biyu Tsakanin Diddigen Sefali da Ƙasa

Duk wanda takalminsa ya taɓa buɗe baki a tashar motar Hlotse ya san Ntate Sefali shumeka, wato Baba Sefali a yarenmu. Gajere ne, kuma ba zaginsa nake yi ba, shi da kansa yake fara faɗa kafin wani ya riga shi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sauko daga kan duwatsu inda ya tashi yana kiwon tumaki, ya bi layin masu neman aikin haƙar zinariya a tsallaken iyaka kamar kowane saurayi na lokacin. Aka jingina shi da bango aka auna, aka ɗora shi a sikeli, akawun ya ce ya je gida ya ƙara girma ya dawo. Bai ƙara ba, bai kuma koma ba. Ya zauna wajen wani tsoho mai gyaran takalma ya koyi basilla da gam, ga shi yau shekara arba'in da 'yan kai yana bin ƙafafun mutane da kallo.

To wannan mutumin ne, yana da shekara sittin da ɗaya, ya sayar da jakinsa da 'yan tumakin da suka rage masa a ƙauye, ya tsallaka iyaka zuwa garin Ficksburg ya dawo da babur a bayan a-kori-kura. Ba irin ƙananan nan na kai saƙo ba. Irin dogayen nan ne masu ƙaton tanki da matafiya ke ratsa duwatsunmu da su, waɗanda kan tsaya a rumfarsa ya manne musu ƙasan takalmi, shi kuma ya yi ta zagaya mashinansu yana tambaya har su gaji da shi. Shekara shida babur ɗin ya yi a ɗakin ajiyar wani manomi, kaji sun mai da shi gida. Da aka sauke shi a ƙofar gida, sirdin ya wuce cibiyar Sefali. Ntate Pitso mai walda, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa na shekaru, ya leƙo ta saman katanga, shi da ba ya buƙatar ɗage kafin ya leƙa.

"Ntate, da tsanin aka haɗa maka, ko shi daban ake saye?"

"Sunansa Dogo," in ji Sefali, baki har kunne. "Ka gaishe shi. Tsawonku ɗaya, amma ya fi ka hankali."

Sai ga matarsa, Mme Mapuleng, wato Mama Mapuleng, ta fito daga kicin da muciya a hannu. Ta dubi babur, ta dubi mijin, ta sake duban babur. Sefali ya san abin da ta tuna, don duk garin ma an sani.

Shekara talatin da biyu da suka wuce, suna sabon aure, ya ari babur ɗin malamin gona don ya kai ta taron matan coci na ranar Alhamis. Tana sanye da sabuwar rigar ƙungiya, farar kwala an sha guga. Ya tsaya daidai ƙofar coci, a gaban mata kusan arba'in, ya miƙa ƙafa zai taka ƙasa, ashe wajen akwai ɗan kwari. Ƙafar ta nemi ƙasa ba ta samu ba. Suka kife cikin taɓo su duka, ita a ƙasa, babur a sama. Wuyan hannunta na hagu ya tsage, har yau in sanyi ya sauko yana yi mata ciwo. Amma ba hannun ne ya fi damunta ba, dariyar ce. Tun daga ran nan ko keke ba ta sake hawa a bayansa ba. Shi kuwa abin ya zauna masa a rai, yana jin kunyarsa sabuwa fil duk Alhamis ɗin da ta saka rigar nan. Ba abin da yake so a duniya kamar ya sake ɗaukarta ya kai ta wani wuri ya sauke lafiya.

"Mme, ba don ni kaɗai na sayo shi ba," ya ce a hankali. "Ƙauyenku fa, bayan Matebeng. Kwana biyu kike yi a motar haya, ki ƙarasa da ƙafa. Wannan yini ɗaya zai kai mu ƙofar yayarki."

"Ntate, ranar da na ga ƙafafunka biyu shimfiɗe a ƙasa, yatsu da diddige, kana zaune kan wannan abin, ran nan zan hau."

Kowa ya ji ya san a'a ce aka faɗa da ladabi. Sefali kaɗai ya ji alkawari. Ya juya da sauri wajen katanga.

"Pitso, ka ji ko? Kai ne shaida."

"Na ji. Allah ya ja da ranmu mu gani."

Ya fara da inji, don babur da ba ya tashi tsawonsa bai dami kowa ba. Da la'asar in ya rufe rumfa, sai ya shimfiɗa tsohon tamfol a tsakar gida ya kwance abu ɗaya kawai, ba biyu ba, ya jera notikan a cikin gwangwanayen kifi yadda ya ciro su. Tankin ya zuba masa tsakuwa da kananzir ya yi ta girgizawa kwana uku har tsatsar ta fita. Kabureta ya wanke ta da tsohon buroshin haƙori, ƙananan ramukanta ya buɗe da silin wayar birki. A cikin akwatin matatar iska ya tarar da gidan ɓera har da zanin gado. Sarƙa ya jiƙa, ya goge, ya shafa mata mai ido-ido. Inda ya kakare, ya jira wani matafiyi ya tsaya gyaran takalmi ya tsare shi da tambaya, ba ya sakin takalmin sai ya gane. Wata Asabar da hantsi ya danna makunni, Dogo ya yi tari biyu, ya yi atishawar baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Kaji suka watse, karen Pitso ya shige ƙarƙashin mota. Sefali ya yi ta rawa shi kaɗai da sifana a hannu, tsofai-tsofai da shi.

Hawa kuwa ya koya irin ta gajeru. Ya zame ɗuwawu gefe ɗaya, ya taka da babban yatsa. Cikin wata biyu ya haddace kowane dakali da kowane dutse a Hlotse da za a iya tsayawa kusa da shi, a ƙofar gida kuma ya dasa bulo biyu. Amma bulo ba ya cikin sharaɗi, don haka duk Asabar da safe akwai awo. Ya hau, Pitso ya riƙe masa baya, Mapuleng ta sunkuya ta zura hannu ƙarƙashin diddigensa. A awon farko hannunta gaba ɗaya ya shige har da sauran wuri.

"Kaza ma za ta wuce," ta ce, ta koma wankinta.

Sirdi ya fara taɓawa, don nan ne gidansa. Ya farke rigar, ya fere soson da wuƙar yankan fata, ya rage tsawon, ya kuma sirance gaban don cinyoyi su sauka kai tsaye. Ya sake lulluɓe shi da baƙar fata, ɗinki biyu-biyu. Wajen zaman baya kuwa bai rage ko kaɗan ba, sai ma ƙara masa soso mai laushi da ya yi, ya faɗaɗa shi. Mapuleng ta ga wannan, ta yi kamar ba ta gani ba. Daga nan suka shiga ƙarƙashi. Akwai wasu ƙarafa biyu da ke riƙe da sifirin ɗin baya, in an ƙara musu tsawo babur ya kan zauna. Pitso ya yanko su daga farantin ƙarfe mai kauri, ya huda, suka ɗaura. Gaban ma suka sassauta suka sauke shi daidai gwargwado. Sefali ya hau, ya ji tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa a ɓangare biyu lokaci ɗaya, karo na farko. Daɗi ya kashe shi. Ya diro, ya buɗe ƙarfen kafewa, ya kafe Dogo a tsakar gida ya ruga kiranta, ko Asabar bai jira ba.

Abin da ya manta, kuma duk wanda ya taɓa sauke babur sai ya manta shi sau ɗaya, shi ne an rage wa babur tsawo amma ba a rage wa ƙarfen kafewar ba. Maimakon Dogo ya kishingiɗa, sai ya tsaya cak a miƙe, yana jiran dalili. Mapuleng na fitowa iska ta kaɗa zanin da ke kan igiya, zanin ya shafi madubi. A gabanta Dogo ya tafi dama sannu a hankali, ya kwanta kan lambun ganyenta, ya fasa tulun da ta gada wajen kakarta.

Ta tsaya tana kallon ruwan yana bin ƙasa, hannunta na dama riƙe da wuyan na hagu, ba ta ma san ta riƙe ba.

"Ko ba kowa a kansa ma faɗuwa yake," ta ce. Ta tsince gutsattsarin tulun a zaninta ta shige ɗaki.

Sati uku ba a yi awo ba. Sefali ya sha jinin jikinsa, ko kunna babur ba ya yi in tana gida. Pitso ya yanke ƙarfen kafewar ya rage shi, ya walda masa faffaɗan tafi don kada ya nutse a taɓo, kuma abin mamaki bai yi tsokana ko ɗaya ba. Sefali ya gyara lambun, ya dasa sabon ganye, ya zauna da gam ɗinsa ya harhaɗa tulun. Ruwa dai ba zai sake riƙewa ba, amma ya tsaya da gindinsa. A Asabar ta huɗu, yana zaune yana shafa wa sarƙa mai, sai ya ji muryarta a bayansa.

"Yau ba a aunawa ne?"

Yatsa uku. Nan fa zumuɗin ya dawo, har ya fi na da. Ya koma ga sana'arsa ya yi wa kansa takalmi mai ƙasa kamar bulo, ya fito yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Ƙafa ta kai, amma kan takalmin ya ƙi shiga ƙarƙashin giya, ya zagaya gari a giya ɗaya Dogo na kururuwa, direbobin tasha suna tafa masa. Mapuleng ta ce wannan ba ƙafa ba ce, gini ne, ba ta yarda ba. Ya rage ƙasan ya dawo kaurin yatsa ɗaya, ita ma ta amince da hakan. Aka auna. Yatsa biyu.

Nan abin ya tsaya. In aka ƙara sauke babur, cikinsa zai riƙa dukan duwatsun Matebeng, tayar baya ta riƙa gugar murfin tare laka. In aka ƙara fere sirdi, kan ƙarfe zai zauna. Wata biyu yana yatsa biyu. Hular kwanon da ya saya mata tun farko tana rataye a kicin, ta mai da ita ma'ajiyar albasa.

Wata Laraba garin masara ya ƙare a gida. Sefali bai taɓa yarda a ɗora wa Dogo kaya ba, wai ba jaki ba ne.

"Jakin ai kai ka sayar," in ji Mapuleng. "Sai wanda ya gaje shi ya ɗauko, in kana son tuwo yau."

Ya je injin niƙa yana ƙunƙuni, aka ɗaure masa babban buhu a wajen zaman baya. A mahaɗar asibiti garken tumaki ya tare hanya, ba dakali ba dutse. Ya taka birki gabansa na faɗuwa, ya sauke ƙafafu. Sai ya ji wani abu da bai saba ji ba. Ya dubi ƙasa. Diddigensa na gab da taɓawa, abin da ya rage bai fi yatsa ɗaya ba. Tumaki suka wuce, mota ta yi ta yi masa ham a baya, shi yana nan yana kallon takalminsa yana dariya. Ashe duk watannin nan shi kaɗai ake aunawa a kan babur, alhali sifirin yana ƙara zama in an ɗora masa nauyi. Ko gida bai shiga ba, ya faɗa shagon Pitso da buhun da komai.

"Pitso, ita ce. Ita ce ta rage. In ta hau, ƙafata za ta kai."

Pitso ya ɗage gilashin walda ya yi tunani. "Ita kuma ta ce ba ta hawa sai ta kai. To ka shiga uku. Nauyinta nawa?"

"Shi na zo ka taya ni. Matarka ƙawarta ce, ko za ka..."

"Ntate, gara ka ba ni tankin fetur cike in yi masa walda."

Suka yanke shawarar a nuna mata da buhu, ta gani da idonta. Pitso ya ba da aron nasa garin. Washegari Alhamis, Mapuleng ta fito da shirin coci, rigar ƙungiya da farar kwala, bargo a kafaɗa, ta tarar da su a tsakar gida. Sefali na kan Dogo yana ta zuba bayanin sifirin, maganar na tuntuɓe da juna don ɗoki. Aka ɗora buhu ɗaya. Ta tattare zani ta sunkuya, yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar.

"Saura," ta ce.

"Ai ba a gama ba. Pitso, ɗora na biyun, shi ne zai zama daidai ke."

Pitso ya rufe ido, don shi ya ji abin da aka faɗa tun kafin mai faɗar ya ji. Ya dai ɗora. Diddigen Sefali ya zauna daram a ƙasa, ya ɗago fuska cike da murna, sai ya ga fuskar matarsa.

"Buhu biyu," ta ce. "Ni ce buhu biyu, Ntate?"

"A'a, Mme, wato... ɗaya da rabi. Ɗaya da ɗan kaɗan. Rabin ne ba mu da shi."

"Ntate Pitso, kai ma da kai aka auna ni?"

"Ni gari kawai na ba da aro, Mme."

Ta juya ta shige kicin. Sefali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata goma na aiki, ya zo ya rushe shi da bakinsa. Yana zaune bai ma iya sauka ba, sai ya ji ƙarar abu na gangarowa a kan tebur, ɗaya bayan ɗaya. Albasa ce. Ta fito tana kakkaɓe ɓawo daga cikin hular kwano.

"Sauke min tarkacen nan daga wurina. Ba buhu aka ɗinka wa shi ba, ina kallo aka yi shi."

Pitso ya sauke buhunan, Dogo ya miƙe, diddigen Sefali ya koma sama yatsa biyu. Ta gani sarai. Ta tsaya tana kallon wannan ɗan sararin, sannan ta ɗaure igiyar hular. Tsoro take ji na gaske, shi ma haka.

"Sharaɗin bai cika ba, Mme," ya ce. "In kin fasa, ba ki karya alkawari ba."

"Na sani. Riƙe da kyau."

Ta taka matakin, ta dafa kafaɗarsa, ta ɗaga ƙafa ta zauna. Dogo ya yi ƙasa a hankali. Sefali ya ji ƙasa ta taso ta tari diddigensa, hagu da dama, ta zauna. Pitso ya durƙusa ya gwada zura yatsa, ya gwada tsinken walda, ko shi bai shiga ba.

"Mme, ko takarda ba za ta..."

"Tashi kada ka ɓata wandonka, na ji a jikina." Ta zagayo da hannun hagu ta riƙe rigar mijinta. "Kuma ka shaida, ban kai buhu biyu ba."

"Ko kusa," in ji Pitso.

Sefali ya saka tasa hular. Hawaye ne ke zuba cikin hular, ga dariya na cinsa, ya rasa wanda zai fara. Ya danna, Dogo ya kama bugu ɗaya.

"Matebeng sai an shirya," ya ce da ƙyar. "Yau mu ɗan zaga bakin kogi mu dawo."

"Wane kogi? Yau Alhamis. Coci za ka kai ni."

Suka fita ta gefen bulo biyun nan ba tare da ya kalle su ba. Suka wuce tasha, direbobi suka bar lodi suka bi su da ido, yau ba wanda ya tafa. Tun daga nesa ya hango su a ƙofar coci, fararen kwala reras, cikinsu har da tsofaffin da suka yi dariyar farko. Ya rage wuta yana neman wuri mai kyau can gefe.

"Ba nan ba," ta ce a kunnensa. "Gaba kaɗan. Ka san wurin."

Ya sani. Ya kai su daidai wurin, ya kama birki, ya sauke ƙafafu biyu, suka zauna.

Ba ta sauka ba. Daga kan sirdin ta ɗage gilashin hular ta fara gaisuwa. Ta gai da shugabar mata, ta tambayi ƙafarta. Ta gai da ta kusa da ita, ta tambayi jikoki da sunayensu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba, har wadda suka yi shekara ba sa magana. An buga ƙararrawa tana kan ta goma sha biyu. Cinyoyin Sefali suka fara zafi, gumi na bin bayansa, ƙanshin albasa na tasowa daga hularta. Bai ce ta yi sauri ba, kuma bai ɗaga ƙafa ko ɗaya ba har ta gama.